Maƙabartarmu Ta Cika, Filin Kuma Na Yayana Ne

Anti Beryl,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ƙulle. Na ce miki Anti ne saboda haka kowa ke kiranki a shafin nan, amma ina zaton na girme ki nesa ba kusa ba. Na sha fara wannan rubutu ina yagawa. Yau dai na ce ko me zai fito, sai na aiko.

Ni ce shugabar majalisar ƙauyenmu, a nan tsaunukan arewacin Ingila inda tumaki suka fi mutane yawa. Kada sunan ya ruɗe ki. Mu bakwai ne, aikin sa kai muke yi, kuma ba wani zaɓe na ci ba. Duk shekara in aka zo naɗa shugaba sai kowa ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa, har in gaji da shirun in ce to, na ji. Haka nake ta "na ji" shekara goma sha wani abu. Aikin namu kuwa me ye? Kashin karnuka a filin wasan yara, kwatar da ke toshewa a gaban mashaya duk sanda aka yi ruwa, bencin da ya ruɓe, wane ya bar shingensa ya cinye hanya. Ina tsaye a shago ina sayen burodi mutum zai tare ni ya yi ta zazzaga min masifa a kan fitilar titi, sai ka ce ni na hau na kashe ta. Na gaji, Anti, irin gajiyar da barci ba ya yi mata magani.

Amma ba wannan ya sa na rubuto ba. Maƙabartar cocinmu ta cika. Da sanyin da ya wuce muka rufe wata tsohuwa a gurbin ƙarshe, jikin katanga. Tun daga nan duk wanda ya rasu sai a saka shi a mota a kai shi babbar maƙabartar birni, ko a ƙone gawar kamar yadda da yawa ke yi yanzu. Nemo sabon wuri kuma a wuyan majalisa yake. Fili ɗaya ne tak ya haɗa katanga da coci, shi ne makiyayar mahaifinmu, wadda yanzu take hannun yayana Ambrose. Nan yake ajiye tumakinsa masu ciki, don iska ba ta dukan wurin.

Ga kuma abin da ban gaya wa kowa ba. Mijina Wilf ba shi da lafiya, ba kuma irin wadda ake tashi ba. Huhunsa ne. Likita ya yi mana bayani a fili, bai ɓoye komai ba. Wilf ɗin nan shi ya yi shekara da shekaru yana yanke ciyawar maƙabartar, ba wanda ya sa shi. Ya san kowane kabari da mai shi, har gaishe su yake yi in zai wuce. A hanyarmu ta dawowa daga asibiti ya ce min, "Tsohuwa, ni dai kada ki bari a kai ni birni in kwanta cikin mutanen da ko gaisuwa ba ta taɓa haɗa mu ba. Wuta kuma a bar wa masu son ta." Yana faɗa yana dariya, ni kuwa ina tuƙi ba na ma ganin hanya sosai. Sai kuma ya sa na yi masa rantsuwa ba zan faɗa wa kowa ba. Wai ba ya son a riƙa zuwa da miya a kwano ana kallonsa kamar an riga an rufe shi. Har yau mutanen gari sun ɗauka tsohon tarinsa ne ya motsa.

Sai na ɗan ba ki labarin Yaya Ambrose, in ba haka ba ba za ki gane ba. Bai taɓa aure ba, shi da tumakinsa ne, ga taurin kai na gado. Amma ba marowaci ba ne, hanyar roƙonsa ce daban, kuma duk ɗan garin nan ya san ta. Ba a zuwa masa da buƙata kai tsaye. Za ka je ka jingina da ƙofar gonarsa, ku yi hirar ruwan sama, ku yi ta ciyawar bana, ku yi ta tunkiyar da ke ɗingishi. Sai ka juya za ka tafi, ka ce, "Af, motar haya fa ba ta da wurin juyawa a ƙasan hanya." Shi ke nan, ka kama hanyarka. Bayan 'yan makonni sai ka tarar ya matsar da shingensa da kansa, in ka yi masa godiya ma ya harare ka. Da haka garin nan ya sami wurin juyawar mota, da haka yara suka sami ƙarin filin ƙwallo. Kuma ranar da muka rufe mahaifiyarmu, muna tsaye mu biyu, ya dubi katangar ya ce, "Ranar da wurin nan ya cika a matsar da ita, ai duk gida ne." Ni kaɗai na ji. Wato filin a hannu yake, jingina da ƙofa kawai ya rage.

To ga inda aka samu matsala. Ƙa'idar majalisa ita ce, in magana ta shafi ɗan'uwanka ko dukiyarsa, dole ka tashi ka bayyana, ka fita daga ɗakin har a gama. Ba ka cewa komai, ba ka jefa ƙuri'a, ba ka bin kowa ta bayan fage. Ni ce kuwa na fi kowa tsanani a kan ƙa'idar nan. Na taɓa fitar da wani dattijo ya tsaya cikin ruwa saboda ana maganar rumbun surukinsa, har ya mutu bai daina yi min gori ba. Don haka da aka zo kan maganar maƙabarta na tashi na bayyana, na shige kicin ɗin ɗakin taro, na bar kujera ga mataimakina Mista Tarrant.

Mista Tarrant ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Daga birni ya dawo bayan ya yi ritaya, yana da kuzari, shi ya sa aka gyara mana kwatar nan. Amma bai san garin ba, kuma ba ya son jira. A ranar kuma, cikin 'yan asalin gari da ke majalisar, biyu ba su zo ba, na ukun kunnensa ya yi nauyi, gyangyaɗi ma yake yi. Akwai wata 'yar taga tsakanin kicin da ɗakin taro, ta inda ake miƙo shayi. Ta nan na ji shi yana cewa, "Mu fara auna filin tukuna mu san abin da muke nema, sannan mu je masa da hujja a hannu. Ai hanyar jama'a ta ratsa ta ciki, ba mai cewa mun shiga ba izini." Sauran suka ce haka ne, haka ne.

Anti, ina tsaye riƙe da butar shayi na ji komai. Kai kawai zan leƙa in ce kada ku kuskura. Amma ta wane baki, ni da na fitar da tsoho cikin ruwa? Na yi shiru. Na ce a raina ai majalisarmu ce, benci ma sai mu yi shekara muna maganarsa, zan sami dabara kafin su motsa. A makon kuma jikin Wilf ya tashi, hankalina ya koma can. Ashe abin da ba mu taɓa yi ba tunda aka kafa majalisar shi za su yi: suka zartar da magana a cikin mako guda.

Ranar Asabar, ana tsakiyar haihuwar tumaki, suka shiga filin su uku da igiyar awo da turaku masu jan ƙyalle, har da karen Mista Tarrant. Karen ya suɓuce, tumaki suka watse, wata tunkiya ta yi ɓarin tagwaye. Yaya ya fito daga garke ya tarar da baƙi suna kafa turaku a gonar ubansa kamar masu rabon gado. Ya bi turakun ɗaya bayan ɗaya ya tuge, ya ɗauko su a kafaɗa ya ratso tsakiyar gari kowa na gani, ya zube min su a ƙofar gida. Ya ce, "Ranki ya daɗe, Shugaba, ga kayanki. Da kin ɗan jira na mutu ai da kin samu ba wahala." Na ce Yaya, wallahi ba na cikin ɗakin. Ya ce, "Na sani. Kin iya fita in fitar ta yi miki." Ya juya ya tafi. Tun muna yara bai taɓa kirana da wani suna ba sai ƙanwata, ranar ne na fara jin Shugaba a bakinsa, kuma har yanzu yana min zafi.

Yanzu ya rantse ko taku ɗaya ba zai bayar ba muddin yana numfashi. Abin da ya fi ci min rai, shi da Wilf abokai ne tun suna 'yan makaranta, ta dalilinsa ma na san Wilf. Duk Lahadi bayan coci yakan zo su yi karta, suna zagin juna suna shan shayi. Ya daina zuwa. Wilf yana barci lokacin da aka zube turakun, na kwashe na ɓoye, bai san komai ba. Duk Lahadi sai ya sa na matsar masa da kujera bakin taga, ya ce, "Wannan tsohon ɓarawon karta bai zo ba?" In ce ai ka san haihuwar tumaki. To haihuwar tumaki ta ƙare, Anti, ƙaryata ma ta ƙare.

Gari kuma ya rabu biyu, kowane ɓangare ni yake zagi. 'Yan asali suna cewa na tura baƙi su ci mutuncin yayana. Sababbin zuwa suna cewa ina kare filin gidanmu ne shi ya sa magana ta ƙi gaba. In na shiga shago sai hira ta mutu. Mista Tarrant ya fara maganar wai akwai dokar da za a tilasta wa mutum ya saki fili, kuma ya gaya min cikin ladabi, har da dafa min kafaɗa, cewa in na tattauna maganar da Yaya dole ya kai rahotona gunduma, don a tsare mutuncin majalisa.

To ya zan yi? In na karya rantsuwa na gaya wa Yaya halin da Wilf ke ciki, na san zai ba da filin, amma zan ji kamar na ɗauki mutuwar mijina na matse shi da ita, shi ma haka zai ɗauka. In na sauka daga kujera, Mista Tarrant ne zai hau, ya ja mu zuwa ga tilas, in rasa ɗan'uwana gaba ɗaya. In na ci gaba da zama, zan ci gaba da tsayuwa a kicin ina jin ana lalata abin da na fi kowa sanin gyaransa. Wilf kuwa yanzu ba ya hawa bene sai ya huta a tsakiya. Abu ɗaya ya roƙe ni a duk zamanmu, ni ce kuma shugabar majalisar da abin ke hannunta, amma na kasa. Wani lokacin in zauna a mota a ƙofar ɗakin taro in kasa fitowa.

Ki yi haƙuri da tsawon surutuna.

Gajiyayya


Amsa

'Yar'uwa Gajiyayya,

Sannu, sannu ƙwarai. Kina jinyar miji, kina ɗauke da gari, kina riƙe da sirri biyu ke kaɗai. Dole ki gaji. Allah ya ba maigida sauƙi, ke kuma ya ƙara miki ƙarfi. Yanzu bari mu warware abin, don bai kai yadda kike ganinsa ƙullewa ba.

Mu fara da adalci ga kowa. Mista Tarrant ya yi wauta, amma wautar mai son aiki ce, kuma a ƙa'ida bai yi ƙarya ba. Yayanki yana da gaskiyar yin fushi: an shiga masa gona, ya yi asarar 'yan raguna, an kunyata shi a kan abin da ya yi niyyar bayarwa don kansa. Sai dai maganar da ya yaɓa miki ta fi laifinki girma. Ita ma ƙa'idar fita daga ɗaki ƙa'ida ce mai kyau, an yi ta ne don kada mai kujera ya ja wa gidansu. Shirun da kika yi a kicin ba cin amana ba ne, bin abin da kika ɗora wa wasu ne. Ki daina dukan kanki a kansa.

Shawarata ta farko, ki sauka. Ba daga shugabanci kawai ba, daga majalisar gaba ɗaya, a zama mai zuwa. Ƙa'idar ta ɗaure 'yar majalisa ne, ba ta da iko a kan ƙanwa da yayanta. Ranar da kika ajiye kujerar, babu rahoton da wani zai kai. Tsoron da kike yi na tilas kuma, ki rage shi. Irin wannan hanya ba a hannun mutum bakwai take ba, sai ta bi ta ofisoshi, tana cin shekaru, sau da yawa ma a watsar da ita. Ko ta yi nasara, ba za ta yi wa Wilf amfani ba. Kafin ki sauka, ki roƙi 'yan asalin nan biyu su daina fashin zama. Bayan kin sauka, ki sami Mista Tarrant a matsayin maƙwabciya ki koya masa yadda ake zuwa wurin yayanki. Ya je ya ba da haƙuri a kan tunkiyar, ba takarda, ba kare, ba maganar fili. Mutumin da ya gyara muku kwata zai iya koyon wannan.

Ta biyu ita ce mai wuya. Kada ki karya rantsuwarki, amma ki koma wurin wanda ya sa ki ya warware miki. Ki zauna da Wilf ki gaya masa komai, har turakun da kika ɓoye. Na san kina kare shi ne, amma dubi abin da kariyar ta jawo: mutum yana zaune bakin taga yana zaton abokinsa ya guje shi a lokacin da ya fi buƙatarsa. Wannan ya fi labarin turaku ciwo. Ki ce masa masu miya a kwano ya hana, kuma kin kiyaye, amma kina neman izinin mutum biyu kacal, Ambrose da limamin cocinku. Ina kyautata zaton zai yarda, wataƙila ma ya yi miki faɗan jinkiri.

Dalilin limamin shi ne wannan, kuma gara ki ji daga bakina. Ko gobe yayanki ya matsar da katanga, sabon wuri ba ya zama maƙabarta nan take. Sai an duba ƙasa da ruwan da ke ƙarƙashinta, a sami izini, a keɓe wurin, abin yana ɗaukar lokaci. Don haka ki tambayi limamin ko kabarin iyayen Wilf yana da sauran wuri. A tsofaffin maƙabartu akan haƙa da zurfi saboda iyali, kuma akan yarda a sa ɗa wurin iyayensa ko da wuri ya cika. Ban yi miki alkawari ba, amma tambaya ce da ya kamata a yi cikin makon nan, kuma ba ta bi ta majalisa ba.

Sannan ki je wurin yayanki. Kin ce kina tsoron ya zama kin matse shi da mutuwar mijinki. Maganin wannan mai sauƙi ne: kada ki ambaci fili, ko da kalma ɗaya, ko ya tsokane ki. Ba roƙo ya kai ki ba. Kin je ne ki gaya wa mutum cewa abokinsa na ƙuruciya yana tafiya, kuma yana tambayarsa duk Lahadi. Wannan labari haƙƙinsa ne ko da babu maƙabarta a duniya. In ya sake ce miki Shugaba, ki ce masa kin ajiye, ƙanwarsa ce ta zo. Ki faɗi abin da ya kai ki, ki juyo gida. Abin da zai yi da katangarsa ki bar masa, kin fi ni sanin ba ya son a tsaya a kansa.

Ke ma ki nemi mai taya ki. Ki tambayi asibiti game da masu zuwa jinya gida, ki bar wani ya riƙa karɓarki ko na yini ɗaya ne a mako. Fitilar titi da benci za su sami mai yi musu kuka, garin ya saba ne kawai da ke.

Kada ki jira sai kin huta ko sai fushinsa ya sauka, lokacin ba naki ba ne. Ko a ina aka rufe Wilf, yayanki ne zai sa kafaɗa a gaban akwatin gawarsa, wannan ba makawa. Ki gaya masa tun yana da damar zaɓar inda zai kai abokinsa, bayan katangar gonarsa ko bakin motar birni. In ya ji bayan zaɓin ya wuce, ba ke zai kasa yafe wa ba, kansa ne.

Allah ya sassauta wa Wilf, ya daidaita tsakaninki da ɗan'uwanki, ya ba ki hutun da kika daɗe da cancanta.

Taki,
Anti Beryl